Yaya ake cika yini guda a tashar rediyo ta ƙasa da magana zalla?

MaiSauraro77:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san aikin rediyo daga ciki. Akwai tashoshin ƙasa da ba sa dogara da kiɗa, daga asuba zuwa tsakar dare labarai ne, hira, muhawara, wasan kwaikwayo. Wa yake yanke cewa wannan shiri da safe, wancan da dare? Kuma ni a ganina irin wannan tasha ta fi arha, tunda mutum ne kawai za a zaunar gaban makirufo ya yi ta magana. Ko ba haka ba ne?

UwarShiri:
Wa alaikumus salam. Malam, rabin tambayarka na biyu a juye yake. Babu rediyon da ya kai na magana tsada. A tashar kiɗa mutum ɗaya da kwamfuta sun isa su riƙe sa'o'i uku. Ɗauki shirin safe na magana mai sa'o'i uku, wato minti 180. A ce labarai suna cin minti 10 a saman kowace sa'a, wato farkonta, da minti 4 a rabinta, an fitar da 42. Hasashen yanayi, wasanni da bitar jaridu su ci kamar 30. Saura minti 108. In kowane batu zai ɗauki minti huɗu, kana neman batutuwa fiye da 25. Kowanne akwai wanda ya binciko shi, wanda ya nemo baƙo ya shawo kansa ya tashi da asuba, wanda ya rubuta wa mai gabatarwa bayani da tambayoyi, wanda ya gwada layin. Muryar da kake ji ɗaya ce, bayanta mutane ne rututu.

EditanDare:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai in ƙara cewa yinin rediyo ba da asuba yake farawa ba. Shirin safe ana fara gina shi tun hantsin jiya. Ayarin rana su yi taron edita, su jera abin da aka san zai faru gobe: zaman majalisa, hukuncin kotu, rahoton da za a fitar. Su kama baƙi. Da daddare su miƙa wa ayarin dare, su kuma su kwana suna rushe rabin abin da aka gina, saboda labarin da ya yi zafi ƙarfe huɗu na yamma sau da yawa ya huce kafin biyun dare. Masu gabatarwa suna shigowa kamar sa'o'i biyu kafin a fara, su karanta bayanan, su sake rubuta shimfiɗar kowane batu da bakinsu. Shimfiɗar da wani ya rubuta maka, in ba ka gyara ta ba, za ka yi tuntuɓe a cikinta.

Batun wa yake yanke lokaci kuwa, mai sauraro ne, ko da bai sani ba. Rediyo ya fi samun jama'a da safe, lokacin da hannu ke aiki kunne ke sake. Mutum ba ya zama ya ji sa'o'i ukun, minti ashirin ko talatin zai ji ya fita. Shi ya sa ake yanka shirin safe gunduwa-gunduwa ana maimaita kanun labarai. Da hantsi ya yi, waɗanda suka rage sun fi natsuwa, sai a sa hira mai tsawo. Tsakar rana labarai, la'asar shirye-shiryen da aka naɗa, yamma wani babban shirin labarai don masu komawa gida, dare kuma muhawara da nazari.

Ɗan_Gajeren_Zango:
Misali mafi sauƙi shi ne tashar Radio 4 ta BBC a Birtaniya, wadda ta fara da wannan suna a 1967. Shirin safe mai suna Today, wanda ya girme ta don tun 1957 ake yin sa, daga ƙarfe 6 zuwa 9 a ranakun aiki. Babbar hirar ranar ana ajiye ta ne sai 8:10. Labaran tsakar rana ƙarfe 1, na yamma ƙarfe 5, sannan labaran ƙarfe 6 da ake buɗewa da ƙararrawar Big Ben ta agogon majalisar dokokin Birtaniya, na dare ƙarfe 10. Ƙarfe 12:48 na dare a karanta hasashen yanayin teku don masu jiragen ruwa, yankuna 31 a jere, kullum tsari ɗaya. Ƙarfe 1 na dare tashar ta miƙa wa Sashen Duniya na BBC ya riƙe har asuba. A Amurka ma ginshiƙan NPR, rediyon jama'a na ƙasar, biyu ne, shirin yamma da aka fara a 1971 da na safe da ya biyo a 1979.

MaiSauraro77:
Na gode ƙwarai. To amma yaya ake yi shiri ya ƙare daidai kan sa'a, alhali baƙo ba agogo yake kallo ba?

'YarSitidiyo:
Nan ne gizo ke saƙar, Malam. Daga ƙarshe ake lissafi a dawo baya. A ce dole shiri ya sauka 8:59:30. Sallama da take sakan 30, ke nan a fara su 8:59:00. Hasashen yanayi minti 1 da sakan 15, a fara 8:57:45. Rahoton ƙarshe naɗaɗɗe ne, minti 3 da sakan 20, shimfiɗarsa sakan 20, a fara 8:54:05. To hirar da ke gabansu, ko minista ne ke magana, 8:54:05 ta ƙare. Furodusa tana rubuta waɗannan lokutan a gefen takardar jerin shiri, tana gaya wa mai gabatarwa a hedifon: saura minti ɗaya, tambayar ƙarshe, rufe.

Ana kuma ajiye abu biyu don ko-ta-kwana. Ɗaya gajeren batu ne da za a iya jefarwa in lokaci ya ƙure ba wanda zai lura. Ɗayan rahoto ne naɗaɗɗe da ba ya tsufa, yana kan na'ura a shirye, don in layin baƙo ya yanke. Kuskuren da sababbi suke yawan yi shi ne su sa hira ta kai tsaye a matsayin abu na ƙarshe. Abin da ka san tsawonsa shi kake sawa a ƙarshe.

Wani abin da mutane ba su sani ba: shirin da jadawali ya kira na rabin sa'a, a zahiri minti 27 da rabi ne ko 28. Ragowar ta mai sanarwa ce, wato mai magana tsakanin shiri da shiri, da tallan shirye-shirye masu zuwa.

TsohonInjiniya:
Tunda an zo kan sa'a, a yi maganar ƙarar nan shida da ake ji kafin labarai. BBC ta fara watsa su a watan Fabrairun 1924. Biyar na farko gajeru ne, kowanne kashi ɗaya cikin goma na sakan, daga sakan na 55 zuwa na 59. Na shida rabin sakan ne, kuma farkonsa shi ne sa'ar, ba ƙarshensa ba. Daga agogo suke fitowa kai tsaye, ba sa jiran kowa. Mai gabatarwar da ya bari suka hau kan maganarsa ya yi abin kunya a sana'ar.

Amma yau sahihancinsu ya danganta da abin da kake ji da shi. A FM da matsakaicin zango kusan daidai suke. A rediyon dijital suna makara da sakan kaɗan, a intanet kuwa za su iya makara da rabin minti ko fiye. Kada wanda ya saita agogonsa da rediyon waya.

Mai_Lissafi:
Injiniya, Allah ya ja kwana, na taɓa ganin an ce wani lokacin bakwai suke zama.

TsohonInjiniya:
Haka ne. In aka ƙara sakan ɗaya a agogon duniya don ya daidaita da juyawar ƙasa, gajerun sai su zama shida, dogon ya zama na bakwai. Dalilin da ya sa aka tsawaita na ƙarshen ke nan tun farkon shekarun 1970, don a gane shi ko nawa ne suka gabace shi.

MuryarLabarai:
Bari in shigo ta ɓangaren karatu, don lissafin 'YarSitidiyo ba ya tsayawa in ba a san saurin mai karatu ba. A Turanci ƙa'idar da ake koyarwa kalma uku a sakan ɗaya, wato labaran minti biyar ba muryar kowa a ciki kalma 900. Kada a ɗauko wannan a ɗora wa Hausa. Kowane mai karatu a ba shi rubutu a riƙe agogo, a san nasa adadin. Kuma labarin da aka fassara yakan fi na asali tsawo, don kalma ɗaya ta fasaha sai ta zama jimla. Editan da ya auna labari kafin fassara ya auna iska.

Sannan rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya. Wuya ta wahala da wuyan jiki haka. Kuka na hawaye, kuka ta itace, da kuka na "abin da kuka ce". Wanda ya shiga da takardar da bai karanta da ƙarfi ba a waje, sai ya kai tsakiyar jimla zai gane ya ɗauki karin da ba shi ba, ya dawo baya. Jimla ɗaya, batu ɗaya. Lambobi a taƙaita su: kusan miliyan biyu, ba miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da tamanin da bakwai ba. Wanda ya yi maganar a fara ambatonsa kafin abin da ya ce, don mai sauraro ba shi da damar komawa layin sama.

Gwani_Musu:
Ni fa ban yarda da wannan bautar agogo ba. Sau nawa ake yanke baƙo daidai lokacin da ya fara faɗin abin da ya kawo shi, don a karanta sakamakon ƙwallo? Tashar magana ce ko tashar jirgin ƙasa?

UwarShiri:
Ɗan'uwa, ƙorafinka yana da tushe, amma laifin ba na agogo ba ne. In baƙo ya kai ga gundarin magana a minti na huɗu, an ɓata uku na farko ne da gaisuwa da tambayar share fage. Furodusa mai kyau tana hira da baƙon a waya tun jiya, ta san amsar da ake nema, tambayar farko ta nufi can. Kuma edita yana da ikon jefar da batu na gaba ya bar hira ta ci gaba, ana yin haka kullum. Abin da ba shi da iko a kai shi ne saman sa'a.

TsohonInjiniya:
Dalilin kuma na injiniya ne, Malam Gwani. Tashar ƙasa ba ita kaɗai take ba. Akwai tashoshin yanki da suke barin nasu shirin su haɗe da uwar tasha, kamar yadda ake haɗuwa don labaran ƙasa na Rediyon Najeriya ƙarfe 7 na safe, 4 na yamma da 10 na dare. Wanda ke can nesa agogo yake kallo, ko ma na'ura ce ke sauya layin da kanta. In uwar tasha ta makara da sakan 20, tashoshi da yawa za su faɗo cikin tsakiyar jimlar wani. In ta riga, a yanke kan labarin farko. Shi ya sa duk agogon gidan daga uwa ɗaya suke karɓar lokaci.

Gwani_Musu:
Na ji na haɗuwa. Amma har yanzu ina ganin shirin safe ya cika gaggawa. Batu 25 a sa'o'i uku, wanne mutum zai riƙe?

EditanDare:
Ba wanda ake so ya riƙe 25. An gina shi ne don mai minti ashirin ya tafi da kanun labarai da batu uku ko huɗu. Mai son a zauna a tattauna abu ɗaya na minti arba'in, nasa yana hantsi ko bayan takwas na dare. Ko an yi daidai da aka raba haka, wannan kam ana musu a kai har cikin ɗakunan labarai.

'YarSitidiyo:
Ba a taɓo shirin kiran waya ba, kuma nan aka fi yin ɓarna. Abu uku.

Na farko, mai kira ba ya zuwa wurin mai gabatarwa kai tsaye. Akwai mai tace kira: ya ji abin da mutum zai ce, ya rubuta suna da batu a allo, ya ce masa ya kashe rediyonsa. In bai kashe ba, sautin ya fita ta lasifikarsa ya dawo ta waya, sai kuwwa ko ƙara mai huda kunne.

Na biyu, sautin da ake mayar wa mai kira ko wakili dole a cire muryarsa daga ciki. Ya ji kowa ban da kansa. In aka mayar masa da muryarsa tana makara da rabin sakan, zai fara in'ina nan take, ko shekara nawa ya yi yana aiki. Duk lokacin da kuka ji wakili yana jan kalma yana tsayawa ba dalili, wannan ne abin da za a fara dubawa.

Na uku, jinkiri. Ana riƙe shirin kamar sakan bakwai kafin ya fita, don in wani ya yi ashar ko ƙazafi a danna maɓalli a zubar. Na'urar tana tara sakannin ne a hankali ta hanyar ɗan ja wa shirun da ke tsakanin kalmomi. Bayan an zubar, babu kariya sai ta sake tarawa, don haka kada a ɗauki sabon kira nan da nan. Kuma dole a fita daga jinkirin kafin saman sa'a, in ba haka ba labarai su makara da sakan bakwai.

Mai_Lissafi:
Wannan ya sa ake jin muryar waya siririya?

TsohonInjiniya:
A'a, wannan layin ne. Layin waya na gargajiya yana ɗaukar sauti daga 300 zuwa 3,400 na ma'aunin Hertz kawai, ya yanke ƙasa ya yanke sama. Shi ya sa "s" da "f" suke rikicewa a waya. In muryar nan ta sake bi ta matsakaicin zango, wanda shi ma matsattse ne, minti uku sun isa su gajiyar da kunne. Baƙo mai muhimmanci a kawo shi sitidiyo ko a haɗa shi ta layin intanet mai inganci, a ajiye lambar wayarsa a gefe don intanet ba ta da alƙawari.

Ga kuma daidaita ƙarfin sauti, wanda a tashar magana ya fi wuya. Mai gabatarwa, rahoto, waya, take, kowanne da ƙarfinsa. Mai sauraro bai kamata ya taɓa maɓallin ƙara ba. A Turai sun fitar da ma'auni a 2010, mai suna EBU R128, wanda ya sa matsakaicin ƙarfin shiri a -23 LUFS, wato awon ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa. Makirufo kuma tazarar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace, don iskar "f" da "b" kada ta buge shi.

Kaka_Mai_Rediyo:
'Ya'yana, ku yi mini bayanin maimaici. Shirin da aka sa da dare sai a sake sa shi washegari da rana. Rowa ce ko rashin abin sawa?

UwarShiri:
Ranki ya daɗe, kuɗi ne da kuma masu sauraro. Shirin bincike na minti 28 zai iya cin makonni: tafiya, naɗin sa'o'i da yawa, tacewa, rubutu, haɗawa, wani lokacin har lauya ya saurara. Wasan kwaikwayo ga marubuci ga 'yan wasa. Asara ce a watsa shi sau ɗaya, tunda masu ji da rana ba su ne masu ji da dare ba. Wasan The Archers na Radio 4, da ake yi a duk faɗin Birtaniya tun 1951, yana fita da misalin bakwai na yamma, a maimaita washegari da rana, ranar Lahadi a haɗa na mako.

Amma maimaici yana da tarko. Duk shirin da za a maimaita ba a cewa "barka da safiya" ko "jiya" a cikinsa. Lambar waya a cire, ko mai sanarwa ya ce layi a rufe yake. Kuma kafin a sake sawa wani ya duba ko baƙon yana raye, ko maganar ta shiga kotu.

EditanDare:
Wannan aikin mai sanarwa ne da editan da ke bakin aiki, su ne suke riƙe da yinin gaba ɗaya. Mai sanarwa yana zaune tsakanin shirye-shirye da takarda mai nuna tsawon kowanne da kalmominsa na ƙarshe. In shiri ya gaza da sakan 40, shi zai cike. In aka yi hatsarin jirgi da safe, shi da edita za su lura cewa wasan kwaikwayon rana akwai hatsarin jirgi a ciki, a sauya. In babban labari ya faɗo, akwai matakai a rubuce: a jira labarai na gaba, ko a katse shiri da sanarwa, ko a rushe jadawalin duka. Na ƙarshen shi aka yi a BBC ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth ta rasu.

TsohonInjiniya:
A ƙara da na'urar da ke gadin shiru. In tasha ta yi tsit na wasu sakanni da aka saita, ita da kanta take kunna shirin ajiya. A tashar kiɗa ana saita ta gajere. A tashar magana dole a ba ta tsawo, don ɗan wasa zai iya yin shiru da gangan. Ranar da za a yi shirun girmamawa na minti biyu, kamar na 11 ga Nuwamba a Birtaniya, sai a kashe ta ko a ɗaga sautin filin, iska da tsuntsaye, in ba haka ba ta watso shirin ajiya a tsakiyar makoki. Akwai kuma naɗin duk abin da ya fita, don shari'a. A Birtaniya kwana 42 ake wajabta wa tashar rediyo ta ajiye.

MaiSauraro77:
Na janye maganar arha. Amma in tasha ba ta da kuɗin duk wannan fa, me za ta fara ragewa?

Gwani_Musu:
Abin da ake yi a zahiri: a kori shirin bincike, a buɗe layin waya sa'o'i uku. Ka ga ashe akwai magana mai arha, ba ka yi kuskure duka ba.

UwarShiri:
Akwai, amma ko ita tana buƙatar mai tace kira da furodusa da ya san batun, in ba haka ba mutum biyar ne za su yi ta kira kullum. Ni da za a tambaye ni, dare zan fara ragewa: a haɗe da wata tasha ko a sa maimaici daga sha biyu zuwa asuba, a tattara ma'aikata a safe.

EditanDare:
Hajiya, shirin daren za a rage, ba ma'aikatan dare ba. In babu kowa a ɗakin labarai ƙarfe uku, abin da za a karanta ƙarfe shida labarin jiya ne.

Ɗan_Gajeren_Zango:
Kuma kafin a rufe dare a duba ta wace hanya ake jin tashar. Matsakaicin zango da rana iyakarsa kusa, amma in rana ta faɗi siginar tana dawowa daga sama ta kai ɗaruruwan kilomita. Akwai masu sauraron da sai bayan magariba tashar take isa gare su. Injiniya, a gajeren zango ma ai shi ya sa ake sauya mita tsakanin shirin rana da na dare ko?

TsohonInjiniya:
Shi ne. Da rana mita 16 ko 19, da dare a koma 41 ko 49. Mai sanarwa ya faɗi sabuwar mitar sau biyu kafin a sauya, a hankali, don mai murɗa rediyo ya samu ya rubuta.